Ruwa A Cikin Man Gas: Ɓarawon Da Ke Kashe Inji

 

Yau maganarmu a kan man gas ce. Shi ne man da injin niƙa yake sha, da tarakta, da babban injin ban ruwa, da manyan motoci, da manyan jiragen ruwa. A rediyo za ka ji ana ce masa man dizal. Kada ka rikita shi da iskar gas ta girki, wadda ake ɗurawa a tukunya. Wannan daban, wancan daban.

A yankinmu na Dutsin-Ma da Kurfi, har bakin dam ɗin Zobe, da wuya ka shiga gari ba ka ji ƙugin inji ba. Ran da injin niƙa ya tsaya, mata sun koma turmi ke nan, ko a ɗora wa yara ƙwarya su tafi wani gari. Ran da injin ban ruwa ya tsaya a tsakiyar rani, kwana kaɗan tumatir da albasa su fara yaushi. In kuwa injin jirgi ne ya mutu a tsakiyar ruwa, to magana ta wuce ta dukiya, ta koma ta rai.

Sau da yawa ba tsufa ke kashe inji ba. Ba kuma yawan aiki ba. Man da ake ba shi ne. Kuma sau da yawa man nan lafiyarsa lau aka sayo shi. A hannun mai injin ya ɓaci.

Wa Ya Zuba Ruwa?

Ga misali. Wani dattijo yana da injin niƙa. Wata safiya da damina ya tayar da shi. Inji ya yi tari, ya fitar da farin hayaƙi, ya mutu. Aka kira bakanike. Bakanike ya kwance ƙasan tanki, ya tara kwalba. Da ta cika sai ya ɗaga ta sama.

"Baba, ku duba nan. Na sama mai ne. Na ƙasa ruwa ne."

Dattijo ya riƙe baki. Ya ce, "Kai yaro, wane mugun ne ya zuba mini ruwa a inji? Ni da kaina nake kulle ɗakin nan."

"Ku yi haƙuri Baba, kada ku zargi kowa tukuna. Ina kuke ajiye duron manku?"

"Ga shi can a tsakar gida."

Suka je. Duro yana tsaye a fili. Ruwan saman jiya ya kwanta a kansa, har ya rufe murfin.

Bakanike ya ce, "To Baba, ga ɓarawonku nan."

Sau nawa aka kori yaron inji a kan irin wannan? Sau nawa aka yi gaba da maƙwabci a kan laifin da bai yi ba? Hausawa sun ce zato zunubi ne. Bari mu ga yadda abin yake faruwa.

Yadda Injin Gas Yake Aiki

Wani Bajamushe ne ya ƙirƙiro wannan inji. Sunansa Rudolf Diesel. Injinsa ya fara aiki sosai a shekarar 1897. Daga sunansa aka samo kalmar dizal.

Injin fetur yana da fulogi. Fulogi ne yake ba da wuta, mai ya kama. Injin gas ba ya aiki haka. Iska yake zuƙa, ya matse ta ƙwarai har ta yi zafi. Sai famfon mai ya turo gas da ƙarfi. Gas ya bi ta nozul, ya fito a feshe kamar hazo. Zafin iskar nan shi ne yake kunna shi.

To famfon mai da nozul aikinsu mai laushi ne. Ƙofofin nozul ƙanana ne kamar tsinin allura. Ƙarafan cikin famfo kuma suna goga juna. Ratar da ke tsakaninsu ba ta kai kaurin gashin kai ba. Man gas ɗin ne da kansa yake sa musu santsi.

In ruwa ya shiga, santsi ya tafi, tsatsa ta zo. In ƙwayar yashi ta shiga, sai ta yi ta kankare ƙarfe. Famfo da nozul kuwa suna cikin kayan inji mafi tsada. Ba kowane bakanike ke iya gyaransu ba. Sau da yawa sai an kai su birni.

Akwai abu guda da ya kamata ka riƙe. Ruwa ya fi gas nauyi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Lita 1 ta gas kimanin giram 840 ce. Saboda haka ruwa a ƙasa yake kwanciya, kamar yadda man gyaɗa yake tasowa a kan ruwa. Bututun da ke kai mai cikin inji kuma daga ƙasan tanki yake ɗiba. Ka ga ke nan ruwa ne zai riga isa.

Ta Ina Ruwa Yake Shiga?

Hanya ta ɗaya ita ce raɓa. Ka lura da murfin tukunya in ana dahuwa. In ka ɗaga shi za ka ga ruwa a jikinsa, alhali ba wanda ya zuba. Haka tanki yake. Kowane tanki yana da 'yar ƙofar da iska ke shiga. Da rana ƙarfe ya yi zafi, iska ta fita. Da dare ya huce, ya zuƙo sabuwar iska. In iskar tana da laima, sai raɓa ta kwanta a jikin tanki ta ciki. Ta gangara, ta nutse ƙasan mai. Yau ɗigo, gobe ɗigo, har ya taru. Tankin da ba a cika ba ya fi tara raɓa, don wurin iska ya fi yawa a cikinsa.

Hanya ta biyu ita ce ruwan sama, irin abin da ya sami dattijon nan. Saman duro yana da baki kamar faranti, yana tara ruwa. In duro ya sha rana, sannan ruwan sama ya sanyaya shi, sai ya tsotsi ruwan nan ta gefen murfi. Ko murfin yana ɗaure, in robarsa ta mutu, ruwa zai shiga.

Hanya ta uku ita ce jarka da mazurari. Jiya an ɗebo ruwa da jarka, yau an tafi sayen gas da ita. Ko an bar mazurari a waje raɓa ta sauka a kansa.

Hanya ta huɗu ita ce wurin saye. Tankin gidan mai a cikin ƙasa yake. In ba a kula da shi, shi ma yana tara ruwa, musamman da damina. Man da aka yi ta juyewa daga wannan jarka zuwa waccan, shi ma ba a rasa shi da ruwa.

Ƙwayoyin Da Ke Zama A Cikin Tanki

Wani zai yi mamaki in aka ce akwai mai rai da ke cin gas. To akwai. Ƙananan ƙwayoyi ne waɗanda ido ba ya gani. Wasunsu dangin fumfunar da ke kama tuwo ne in ya kwana biyu. Suna cikin iska, suna cikin ƙura, suna cikin ruwa.

A cikin tanki, mazauninsu shi ne daidai inda ruwa ya haɗu da mai. Ruwan ne gidansu, man ne abincinsu. Zafi kuma yana sa su yaɗu da sauri. Zafi kuwa ba mu rasa shi ba, musamman da bazara.

In sun yi yawa sai su zama wani baƙin abu mai yauƙi. Wani lokaci ruwan ƙasa ne. Yakan yi wari. Shi ne yake toshe filta. Ka sa sabuwar filta yau, bayan 'yan kwanaki ta sake toshewa. Sai ka ce filtar ce jabu, alhali ciwon yana cikin tanki. Ƙwayoyin nan kuma suna fitar da wani abu mai tsami. Shi yake cin ƙarfen tanki daga ƙasa har ya huda shi.

Ba mu kaɗai abin ya dama ba. Har jiragen sama suna fama da shi. Shi ya sa ma'aikatansu suke tsiyaye ruwan ƙasan tanki a kai a kai. A manyan birane ana sayar da maganin kashe ƙwayoyin. Amma magani ba ya fitar da ruwa. In ruwa yana nan, za su dawo. In babu ruwa, ba su da wurin zama. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ƙura Da Tsatsa Da Tsufa

In damina ta wuce, ba a huta ba. Hunturu yana zuwa da ƙura. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar gari, tana shiga ko'ina. Mai injin niƙa kuma yana da ƙarin ƙura, wato garin da ke tashi a ɗakin. In tanki ba shi da murfi, an toshe shi da tsumma ko totuwa, to an buɗe wa datti ƙofa.

Tsohon duro yana yin tsatsa ta ciki. Tsatsar tana ɓarewa tana zuba cikin mai.

Akwai kuma mazubin da gas ba ya shiri da shi. Kada ka ajiye gas a bokitin ƙarfe mai ƙyalli, irin mai kama da kwanon rufi. Gas yana cin abin da aka shafe shi da shi, ya kai shi cikin nozul. Kada kuma ka ajiye shi a mazubin tagulla ko na jan ƙarfe. Suna sa mai ya lalace da wuri.

Gas kuma yana tsufa. Ba kamar gero ba ne da zai shekara biyu a rumbu. In wuri mai sanyi ne, kuma a rufe yake, yakan kai wata 6 zuwa 12. A zafi irin namu, gara kada ya wuce wata 6. In ya tsufa sai ya yi duhu, ya yi danƙo a ƙasa.

Algus

Gas ya yi tsada. A farkon shekarar 2022 lita ba ta kai naira 350 ba. Kafin ƙarshen shekarar ta haura naira 700. A farkon 2024 ta wuce naira 1,000. In kaya ya yi tsada, masu algus sukan yi yawa.

Wasu suna haɗa gas da kananzir. Kananzir ba shi da santsin gas, saboda haka yana cinye famfo a hankali. Wasu suna zuba tsohon baƙin mai. Wannan yana toshe filta, yana sa baƙin hayaƙi. Mafi muni shi ne gas da fetur ya shiga. Yana lalata inji, kuma yana kama wuta nan da nan.

Gurɓataccen mai ba ƙaramin abu ba ne. A farkon shekarar 2022 an shigo da wani fetur Nijeriya daga ƙasar Beljiyam. An tarar sinadarin da ake kira metanol ya yi yawa a cikinsa. Motoci sun lalace. Da aka janye shi daga kasuwa, sai aka yi ta dogon layi a gidajen mai na Abuja da Legas da sauran garuruwa. To in mai da ya biyo ta babbar hanya zai iya zuwa da matsala, ina ga na kwalba a bakin titi?

Ba a ce duk mai sayarwa a jarka macuci ne ba. Wani garin ma ba gidan mai kusa. Amma ka sayi mai wurin wanda ka sani, wanda za ka iya komawa wurinsa gobe. In ka ga farashi ya faɗi ƙasa da na kowa, ka yi hattara. Araha ba ta ado.

Gwajin Kwalba

Ga gwaji mai sauƙi. Ba ya cin ko kwabo.

Nemi farar kwalba wadda ake ganin cikinta. Ka wanke ta, ka bar ta ta bushe sarai. Ɗebo mai daga ƙasan duro ko ƙasan tanki, ba daga sama ba. Rufe kwalbar, ka ajiye ta a inuwa kamar awa 1. In ta kwana ya fi kyau. Sannan ka ɗaga ta wajen haske.

Mai kyau garau yake. Ka sa wannan jarida a bayan kwalbar. In kana iya ganin manyan baƙaƙe ta cikin man, alama ce mai kyau.

In ka ga ya yi dishi-dishi kamar ruwan tsari, akwai ruwa a gauraye.

In ka ga layi ya raba kwalba biyu, na ƙasan ruwa ne.

In ka ga baƙin abu mai yauƙi a kan layin nan, ƙwayoyin nan ne.

In ka ga jan gari a ƙasa, tsatsa ce.

Ka kuma shinshina. In ka ji warin fetur, kada ka zuba shi a inji. Ka murza ɗigo ɗaya a tsakanin yatsunka. Gas yana da santsi. In ka ji shi salam kamar kananzir, ka yi shakka.

Shi ma inji yana faɗin ciwonsa. Yakan yi wuyar tashi. Yakan yi tari. Ƙarfinsa yakan ragu in an ɗora masa aiki. Yakan yi farin hayaƙi. In ka ga haka, ka fara duba mai kafin ka sa a kwance inji.

Yadda Za Ka Ajiye Mai

1. Ka ajiye duro a inuwa, ƙarƙashin rumfa, inda ruwan sama ba ya dukansa. Kada ya kasance kusa da murhu ko ɗakin kwana.

2. Kada duro ya zauna a kan ƙasa. Ka ɗora shi a kan itace ko bulo.

3. In dole ya tsaya a waje, ka sa dutse a gefe guda ya karkata, don ruwa ya zube kada ya taɓa murfi. Ka rufe shi da leda ko buhu.

4. In ka kwantar da duro ka sa masa famfo, bakin famfon ya ɗan fi gindin tudu. Ruwa da laka za su taru a baya.

5. In an kawo duro a mota ko a amalanke, hanya ta girgiza shi. Ka bar shi kwana 1 cur ya kwanta kafin ka ɗiba.

6. In da tiyo kake ɗiba, kada ya taɓa ƙasan duro. Ka bar kamar faɗin tafin hannu. Duro yana cin lita 200 ko fiye kaɗan. Gara ka bar 'yan litocin ƙasa da ka rasa famfon inji.

7. Ka ware jarka ta gas kaɗai. Kada a ɗebi ruwa da ita, ko fetur, ko maganin feshi. Ka ware mazurari, ka riƙa ajiye shi a cikin leda.

8. Ka riƙa tace mai. Mazurari mai 'yar raga ya fi. In ƙyalle ne, ya zama mai tsabta wanda ba ya zubar da zare. Amma ka sani ƙyalle datti yake tarewa, ba ya tare ruwa.

9. Ka cika tankin inji da yamma bayan an tashi aiki. Cikakken tanki ba ya ba raɓa wuri.

10. Da safe kafin ka tayar da inji, ruwa ya riga ya kwanta. In tankinka ko filtarka tana da abin kwancewa a ƙasa, ka tsiyaye kaɗan a kwalba har ka ga mai zalla. Ka yi haka kowane mako. Da damina ka ƙara yawaita.

11. Tsohon mai a fara amfani da shi. Kada ka yi ta zuba sabo a kan tsoho shekara da shekaru. Ko sau 1 a shekara ka juye duro ka wanke shi da gas mai tsabta, ba da ruwa ba.

Ga inda karatunka zai yi maka rana. Ɗauki fenti ko alli, ka rubuta GAS a jikin jarkar gas. Ka rubuta FETUR a ta fetur, KANANZIR a ta kananzir. A jikin duro ka rubuta ranar da ka sayo mai. Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da ka canza filta, da wurin da ka sayi mai. In matsala ta zo, littafin zai nuna maka daga ina ta fito.

Injin Da Ke Hutu

Kowane inji yana da lokacin hutunsa. Injin ban ruwa yana hutawa da damina. Tarakta tana hutawa da rani. A lokacin hutun nan ne mai yake ɓaci, don ba mai dubawa.

Kafin ka ajiye injin gas, ka tsiyaye ruwan ƙasan tanki. Ka cika shi da mai mai kyau, ka ɗaure murfi. Ka sa shi a inuwa, ka rufe shi. Lokaci lokaci ka tayar da shi na 'yan mintoci. In lokacin aiki ya zo, ka yi gwajin kwalba tun kafin ranar. Kada ka bari sai an dasa tumatir sannan ka gane inji ba ya tashi.

Masu Jirgin Ruwa

An kammala dam ɗin Zobe a shekarar 1983, a kan kogin Karaduwa. Tun daga nan mutanen Makera da Garhi da kewaye suke cin amfaninsa, da su da noman rani. Kwale-kwalen masunta a nan yawanci da hannu ake tuƙa su. Amma wanda ya je Yawuri a bakin Kwara, ko Baga a bakin tafkin Cadi, ya ga jirage masu inji. Ƙaramin injin da ake ratayawa a bayan jirgi yawanci fetur yake sha. Manyan jirage masu inji a ciki su ne masu shan gas. Amma ko wanne ne, ruwa a cikin mai abokin gaba ne.

Tankin jirgi ya fi kowane tanki haɗari. Iskar kan ruwa kullum da laima take. Feshin ruwa yana dukan murfi. Jarka kuma tana zaune a cikin ruwan da ya taru a ƙasan jirgi.

Ga babban abin tsoro. In ruwa yana kwance, laka da yauƙi suna kwance a ƙasan tanki, inji yana tafiya lafiya. Da iska ta taso, igiyar ruwa ta fara jijjiga jirgi, sai lakar ta tashi ta gauraye da mai. Nan take filta ta toshe. Wato inji zai mutu a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Jirgin da ba inji kuwa, igiyar ruwa tana juya shi ta gefe, ta yi yadda ta so da shi.

Saboda haka mai jirgi ya duba mansa tun yana bakin gaɓa. Ya ɗora jarka a kan katako, ya ɗaure ta. Ya tafi da filta ta biyu da sifana. Ya koyi canza filta da fitar da iska daga bututun mai. Kada ya rabu da abin tuƙi na hannu. Kada ya yi lodi fiye da kima, kuma kowa ya sa rigar ruwa. Haka mai injin ban ruwa a bakin dam, ya ajiye jarkarsa a kan tudu, ba a cikin laka ba.

In Mai Ya Riga Ya Ɓaci

In ka gane ruwa ya shiga, kashe inji. Kada ka yi ta matsa masa. Juye man duka a mazubi mai tsabta. Ka bar shi ya kwana biyu. Tsiyaye na sama a hankali, ka tace, ka sake gwajin kwalba. In ya fito garau, ana iya amfani da shi. A wanke tanki, a sa sabuwar filta. In inji bai koma daidai ba, a kira bakanike. In kuwa fetur ne ya shiga, ajiyewa ba ta raba su. Kada a zuba shi a inji.

Na ƙasan, wato ruwa da laka, ka zuba shi a gwangwani mai murfi.  Kada ka zuba shi a fitila ko risho. Kada ka zubar a gona, ko kusa da rijiya, ko a cikin dam. Mai kaɗan yana ɓata ruwa mai yawa, yana cutar da kifi. Ka tuna a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe aikin ruwan sha na Zobe. Ruwan nan jama'a ne suke sha, dabbobinmu ma shi suke sha.

Kula Da Lafiyarka

Kada ka zuƙi mai da baki ta tiyo. In ya sarƙe ka ya shiga huhu, ciwo ne mai tsanani. Akwai ɗan famfon roba na hannu, ba shi da tsada.

Kada ka leƙa cikin tanki da ashana ko fitilar kwai. Yi amfani da tocila. Kada a kai tanki ko duron mai wurin mai walda sai an wanke shi sarai an bar shi a buɗe. Ko ba mai a ciki, tururinsa yana fashewa.

Kada a ajiye mai a kwalbar lemo inda yara suke. In yaro ya sha, kada a sa shi amai. Kada a ɗura masa manja ko madara. A garzaya da shi asibiti.

A Taƙaice

Ka sayi mai wurin wanda ka sani. Ka ajiye shi a inuwa, a rufe. Ka bar shi ya kwanta. Ka duba shi a kwalba. Ka tace. Ka tsiyaye ruwan ƙasa. Duk waɗannan ba sa bukatar kuɗi, kula kawai suke bukata. Rigakafi ya fi magani.

Ɗan'uwa mai karatu, in ka gama, kada ka naɗe jaridar nan ka sa a aljihu. Ka je wurin mai injin niƙa na garinku ka karanta masa. Ka karanta wa direban tarakta da abokan noman rani. Ku ɗauki kwalba ku gwada tare. Amfanin ilimi aiki da shi.

Allah ya tsare mana dukiyarmu da rayukanmu. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.